Tambayi Anti: Katifa, filo da zanin gado

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da wannan makon. Saƙonnin da suka taru a wajena kusan duk na shimfiɗa ne, ina ga don lokacin bukukuwa ya matso ga kuma zafi ya fara hana mutane barci. Na haɗe masu kama da juna wuri ɗaya, wanda bai ga tasa ba ya duba da kyau, wataƙila amsarsa tana cikin ta wani.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Dan Allah a taimaka min da shawara, 'yata ce za ta yi aure bayan sallah muna ta haɗa kayan ɗaki, ni da babanta mun ware kuɗin katifa amma ƙannena sun dage wai sai mai inci 20 don ita ake yayi, wai in dangin miji suka zo ganin ɗaki suka tarar da 'yar siririya da mu za a yi ta yi. Mun je kasuwa mun ga mai inci 20 da kuɗinmu zai isa, sai kuma wani mai shago ya nuna mana mai inci 10 wadda ta ma fi ta tsada, ni dai abin ya ɗaure min kai.
Daga wata uwa a Gwale, Kano

AMSA: Hajiya Allah ya sanya alheri, ya sa a yi da mu. Mai shagon nan da ya nuna miki mai inci 10 bai cuce ki ba, shi ne ma ya gaya miki gaskiya. Tsayin katifa daban ingancinta daban, kuma masu haɗa katifa a bayan fage sun riga sun gano mu mata tsayi muke kallo, shi ya sa suke hura soson ya kumbura ya tashi alhali cikinsa iska ce zalla, kamar burodin da aka cika wa yis, a ido ƙato, ki matse shi ya koma loma ɗaya.

Abin da ake biya wa kuɗi a katifar soso shi ne densiti. In aka yanko soso mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya tsayi aka ɗora a sikeli, kilo nawa ya yi, toh wannan lambar ita ce. Mai 15 zuwa 18 ta yara ce da baƙon kwana biyu, manya biyu suka hau ta kullum ba za ta daɗe ba za ta yi rami. Ta ma'aurata ki nemi mai 30 ko kusa da haka. Bari in yi miki lissafin yadda za ki gane a tsaye cikin shago ba sai an karanta miki takarda ba: katifa shida da shida mai inci 10, in densitinta 18 ne nauyinta wajen kilo 16 ne, in 30 ne za ta kai kilo 26. Ita kuma mai inci 20 ɗin in densiti 15 ce, nauyinta shi ma wajen kilo 26 ɗin ne. Kin gani ko? Soso ɗaya ne, an dai baje shi ne ya ninka tsayi. Don haka ki sa yaron shago ya ɗaga miki su biyun, ko ke ki kama kusurwa ki ɗaga, in doguwar ba ta fi gajerar nauyi nesa ba kusa ba toh kin san me ake ciki.

Sai dai shi ma nauyin ana yi masa ha'inci, akwai masu zuba garin alli a cikin haɗin soson don ya yi nauyi, irin wannan in kika samu inda soson ya leƙo kika murza da yatsa za ki ji yana gari-gari yana marmashewa. Akwai kuma masu jera soso mai kyau a gefe-gefe inda suka san nan mai saye yake dannawa, tsakiyar kuwa tarkace. Saboda haka kar ki tsaya danna baki da tafin hannu, ki ce a kwantar miki da ita a ƙasa, ki tuɓe takalmi ki sa gwiwa a tsakiya ki saki nauyinki, in kika ji gwiwarki ta kusa taɓa siminti ki wuce abinki. In kika ɗaga kuma ki kalli wajen, mai kyau nan take take dawowa ta shafe, maras kyau sai ta bar shatin gwiwa tana tasowa a hankali. Kar ki ji kunyar mutanen shago, kuɗinku ne.

Maganar suna kuma, manyan kamfanonin da kowa ya sani sun daɗe a harkar, Vitafoam tun 1962 yake a Legas, Mouka kuwa asalinsa ma a nan Kano aka fara a 1959 da ƙera gadajen ƙarfe da kayan ɗaki kafin a koma soso. Ba talla nake musu ba, akwai ƙananan kamfanoni masu kaya mai kyau su ma. Abin da nake so ki sani shi ne sunan da ya fi ciniki shi aka fi kwaikwayo, rigar katifa mai tambarin kamfani ba wuyar ɗinkawa take ba. Ki saya a wajen dilan da kamfanin ya sani, ki karɓi rasit da takardar garanti a rubuta ranar saye, ki duba alamar hukumar SON mai kula da ingancin kaya a jikin lebul ɗin, sannan ki adana takardun nan a cikin kayan amarya ki gaya mata inda suke.

Yanzu ƙannen naki. Na san halinmu, ranar jere kowa sai ta dafa gado ta ce masha Allah, amma masu cewa masha Allah ɗin la'asar na yi kowa za ta kama gabanta, 'yarki ce za ta kwana a kai shekara da shekaru, ta yi goyon ciki a kai, ta yi jego a kai. Gado mai tsayi da katifa inci 20 a sama, mai tsohon ciki sai ta nemi abin takawa kafin ta hau, yaro mai rarrafe ya faɗo daga nan kuwa sai dai Allah ya kiyaye. Daidai shi ne in mutum ya zauna a bakin gado tafin ƙafarsa ya taka ƙasa. In kina so ki rufe bakin kowa ga dabara: ki ce wa kafinta ya ɗan ɗaga katakon da katifar take zama a kai, ki ɗora mai inci 10 ko 12 mai kyau, a ja zanin gado ya sauka, babu wadda za ta zo da tef ta auna. Kuma tun da an zo kan kafinta, a auna cikin gadon kafin a je sayen katifa, don abin da ake kira shida da shida a kasuwa yawanci inci 75 da 72 ne, shida da huɗu da rabi kuma 75 da 54, sau da yawa sai an kai ɗaki ranar jere a ga katifa ta ƙi shiga ko ta bar gibi.

TAMBAYA: Salam Anti. Ni tela ne shekarata 46, ciwon baya ya dame ni musamman wajen ƙugu, da asuba sai na dafa bango nake miƙewa. Abokaina wasu sun ce in sayi otofedik wadda ta fi kowacce tauri, wasu sun ce in watsar da katifa gaba ɗaya in koma tabarma kamar yadda iyayenmu suka yi. Wanne zan bi?
Daga Funtuwa

AMSA: Malam sannu, Allah ya ba da lafiya. Kafin ka kashe ko sisi, yau da rana ka yaye zanin gado ka ɗora doguwar sanda ko katako a kan katifar daga wannan gefe zuwa wancan, ka duƙa ka leƙa ƙarƙashin sandar. In ka ga rami a inda ƙugunka yake sauka har yatsu biyu ko uku suna shiga, katifar ta mutu. Ka ɗage ta kuma ka duba katakan gadon, don wani lokacin katifa lafiyarta ƙalau, katako ɗaya ne ya karye ko kafinta ya yi rowa ya jera su da tazara mai faɗi, katifar tana zurmawa tsakaninsu. Alamar da ta fi nuna cewa shimfiɗa ce take ba ka ciwo ita ce ka tashi da shi da safe, ka yi alwala ka je masallaci ka dawo ka ji ya saki, ko kuma in ka yi tafiya ka kwana wani waje ka tashi garau.

Zancen cewa mafi tauri ita ce magani kuwa an gwada shi. A 2003 mujallar likitoci ta The Lancet ta buga wani bincike da aka yi a Sifen kan mutum 313 masu daɗaɗɗen ciwon baya, aka raba musu katifu, wasu mai tauri sosai wasu mai matsakaicin tauri, bayan kwana 90 masu matsakaiciyar su suka fi samun sauƙi, a kwance da kuma wajen tashi. Dalilin ba boyayye ba ne, bayan ɗan Adam ba miƙaƙƙe ba ne sambal, yana da lanƙwasa, in shimfiɗa ta yi tauri da yawa kafaɗa da kwankwaso su kaɗai suke ɗaukar nauyi, tsakiyar baya tana rataye babu abin da ya tallafe ta, in ta yi laushi da yawa kuma ƙugu ya nutse bayan ya lanƙwashe har gari ya waye.

Yawancin abin da ake sayarwa a kasuwarmu da sunan otofedik gutsattsarin soso ne ake haɗawa da gam a matse su da inji, shi ya sa in aka buɗe za ka ga kala-kala a ciki, ga nauyin tsiya. Ba abin banza ba ce, tana daɗewa ba ta lotsa ba, kuma ga mai jiki sosai ita ce ma ta fi. Amma siririn mutum mai kwanciyar gefe, kuma yawancinmu a gefen dama muke kwanciya saboda sunna, zai iya tashi da ciwon kafaɗa da sagewar hannu. In ka riga ka saya ko ita ka fi so, ka ɗora soso mai laushi inci 2 a samanta, shi kenan ka haɗa biyun.

In ka je shago ka kwanta rigingine ka tura tafin hannunka ƙarƙashin ƙugunka, in ya shige salin-alin har da sauran fili ta yi tauri, in ya ƙi shiga sam ta yi laushi, in ya shiga da ɗan matsi toh ita ce. Sai ka juya gefe ka sa wanda kuka je tare ya tsaya ta bayanka ya duba ko ƙashin bayanka ya miƙe daga wuya har ƙasa. Ka yi minti goma a kwance, mai shagon da ya hana ka ka bar masa kayansa. Tabarma kuma in jikinka yana jin daɗinta ba laifi, sai dai ka tuna iyayen namu da ake misali da su ba sa wuni a dunƙule kan keken ɗinki, kai kuwa daga safe har dare kana sunkuye, babu katifar da za ta goge wannan, ka riƙa tashi kana miƙewa kana ɗan zagayawa duk bayan rabin awa.

Amma fa ka ji wannan da kyau. In ciwon yana sauka ƙafa da sagewa ko ƙafar tana rasa ƙarfi, ko fitsari ko bayan gida yana kufce maka ko yana ƙin fita, ko kana zazzaɓi da zufar dare da rama, ko ciwon ba ya lafawa ko kana kwance, wannan ya wuce maganar katifa, asibiti za ka je ba tare da jinkiri ba, don har tarin fuka yana kama ƙashin baya. In abin ya kai ga manya asibitin ƙashi na Dala yana nan a Kano.

TAMBAYA: Anti ina wuni, ni amarya ce wata bakwai da aure. Ban cire ledar katifata ba don kar ta yi datti haka aka ce min a gida, amma wallahi zafi kamar me, muna tashi jiƙe sharkaf da zufa ga ƙarar leda duk juyin da aka yi, zanin gadon ma sai zamewa yake. Maigida ya ce in cire na ƙi. Kuma wane irin zanin gado ne ba ya zafi?
Daga Sakkwato

AMSA: Ƙanwata maigida ya fi ki gaskiya a wannan, yau ɗin nan ki cire. Ledar nan ta ɗauko kaya ce daga kamfani zuwa gida, aikinta ya ƙare ranar da aka shigo da ita. Soso yana buƙatar shan iska, in kika kulle shi danshin da ya samu hanyar shiga ta inda ledar ta yage ba ya samun hanyar fita, damina na zuwa sai ki ga baƙin ɗigo-ɗigo na fumfuna da wari, kin ga dattin da kike gudu ya same ki ta bayan gida. In kin cire ki jingine ta a bango ki buɗe taga ta wuni tana shan iska. Abin da za ki saya a madadinta shi ne rigar kare katifa, wadda samanta tawul ne ko auduga ƙasanta kuma 'yar roba ce mai laushi, tana da roba a kusurwa tana kama katifar, ana cirewa a wanke, ita ce za ta yi miki maganin zufa yanzu, ta yi miki na fitsarin yara nan gaba in Allah ya kawo.

Zanin gado kuma auduga, auduga, auduga. Masu sheƙin nan da santsi da ake cika akwatin amarya da su, masu fulawa da filo shida, yawancinsu roba ce, ba sa shan zufa, na ado ne, ki shimfiɗa da rana baƙi su gani, dare ya yi ki naɗe ki sa na barci. Matsalar ita ce ko a Kantin Kwari kika shiga kusan kowane kwali an rubuta masa auduga zalla, har da wata lamba ta yawan zare 1000 ko 1500, kar lambar nan ta ruɗe ki, kowa yana iya bugawa a kwali. Ki dunƙule gefen yadin a hannunki ki saki, auduga tana yamutsewa ta riƙe shatin, roba tana warwarewa sumul. Ki ɗiga ruwa, auduga tana shanyewa nan take. In kina so ki tabbatar a gida, ki zaro 'yan zare daga cikin lafin ki riƙe da tsinke a tsakar gida ki kusanta ashana: auduga tana ci da warin takarda ta bar toka mai laushi da za ki murje ta bi iska, roba kuwa tana ƙanƙancewa ta narke da warin leda ta bar ɗan baƙin dunƙule mai tauri. Kuma in kuɗi bai kai ba, tsohuwar atamfa mai kyau da ta sha wanki ta yi laushi, a haɗa zani biyu a ɗinke tsakiya, wallahi a watan Afrilu ta fi da yawa daga cikin na kwalin nan daɗin kwanciya. Ki riƙa canzawa duk mako, lokacin zafi ma har sau biyu.

Wasu sun tambaye ni memori fom, wanda in ka danna yake riƙe shatin hannu. Asalinsa a Amurka aka ƙirƙiro shi a 1966 don kujerun jirgin sama a wani aikin hukumar binciken sararin samaniya ta NASA, yana da daɗi ga mai ciwon gaɓoɓi, amma yana rungume jiki ya riƙe zafi, a Sakkwato ko Maiduguri in ba ki da esi da tsayayyar wuta ban ba ki shawara ba. Mai sifirin ta fi shi shan iska tunda cikinta fili ne, sai dai mai arharta ba ta daɗewa take fara ƙara tana tsikarin mutum, kuma yara masu tsalle a gado su ne ajalinta.

Tunda amarya ce ke na san ba a raba ku da turaren wuta, toh ki nisanta kasko daga gado, haka maganin sauro na kunnawa da kyandir in an ɗauke wuta. Soson katifa yana kama wuta da sauri sosai kuma hayaƙinsa guba ne, shi yake kayar da mutum tun wutar ba ta iso shi ba. Ki turara zanin a kan kwando can gefe sannan ki shimfiɗa.

TAMBAYA: Anti yarona ya dawo hutu daga makarantar kwana da kuɗin cizo, yanzu sun cika mana ɗakuna biyu. Maƙwabciyata ta ce in zuba fiya-fiya a katifun in rufe ɗaki, wata kuma ta ce ƙwayar da ake sa wa buhun wake ta fi. Ni dai kunya ta ishe ni kar a ce ƙazanta ce.
Daga Maman yara, Zariya

AMSA: Maman yara ki cire kunya, kuɗin cizo ba ruwansa da tsabta ko ƙazanta, jini yake nema, a jaka da akwati da kujerar mota yake tafiya, har manyan otal na Turai yana shiga. Ƙwayar buhun wake kuwa dan girman Allah kar ki kusanto da ita ɗaki, iskar da take fitarwa tana bin ƙofa da silin ta shiga ɗakin da ba a sa ba, an sha rasa iyali guda a dare ɗaya ta dalilinta. Fiya-fiya shi ma ba a zuba shi a abin da mutum zai kwanta a kai, soso yana tsotse shi, fata da numfashin yara su kwasa.

Zafi shi ne maganinsu, da haƙuri. Duk abin da yake wankuwa, zanin gado, rigar filo, labule, gidan sauro in ba mai magani ba ne, kayan yaron har jakarsa, a jiƙa a ruwan zafi sosai wanda hannu ba zai iya shiga ba, a shanya a rana a goge da dutsen guga. Gadon a kwance shi gaba ɗaya a fitar tsakar gida, a bi duk mahaɗar katako da ramin kusa da tafasasshen ruwa don nan suke ɓuya da ƙwansu, za ki ga ɗigo-ɗigon baƙi a wajen. Katifa a bi ɗinkin gefenta da burushi mai ƙarfi sannan a bi da dutsen guga ta kan ƙyalle mai ɗan danshi, kar a ɗora shi kai tsaye a daɗe. Shanya katifa a rana yana taimakawa amma shi kaɗai ba ya gamawa da su, suna gudu su koma ɓarin da ke ƙasa mai sanyi. A toshe tsagogin bango, a janye gado daga jikin bango. Abin da yake kayar da mutane shi ne yi sau ɗaya a ce an gama, alhali ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10, don haka a maimaita komai bayan mako ɗaya, a sake bayan mako biyu. In sun fi ƙarfinki ki kira masu feshi na gaskiya, ki fitar da yara da abinci, ku bi lokacin da suka ce kafin a koma ɗakin. Hutu na gaba kuma akwatin yaro da 'yar katifarsa a tsakar gida za su tsaya sai an bincike su.

TAMBAYA: Na haihu sati uku, kakar yaron ta kawo masa ɗan filo mai laushi da katifar jarirai mai taushi sosai, wai don kansa ya yi kyau. In sa masa?
Daga mai jego, Gombe

AMSA: Barka da arziki, Allah ya raya. Ki karɓa ki yi wa Hajiya godiya, amma filon ki ajiye shi. Jariri har ya shekara ba ya buƙatar filo, kuma shimfiɗarsa mai ɗan tauri ake so, shafaffiya, wadda in kika ɗora shi kansa ba ya lotsa ta, don in ya juya fuskarsa ta nutse a abu mai laushi ba shi da ƙarfin wuyan da zai ɗago. Rigingine za ki riƙa kwantar da shi, ban da rub da ciki. A Amurka da aka fara gangamin kwantar da jarirai rigingine a 1994, mutuwar fuju'a ta jarirai a cikin barci ta ragu da kusan rabi. Ki kawar da bargo mai nauyi da tarin tsummoki daga kusa da fuskarsa, in sanyi ake ki ƙara masa kaya a jiki. In tare kuke kwana kar ki sa shi tsakaninki da bango inda akwai gibi, kuma kar a bar shi da yayyensa a gado ɗaya. Gidan sauro kullum, in sabo ne mai magani ki baza shi a inuwa ya kwana ya wuni kafin ki ɗaura. Zancen kai kuwa, ki riƙa sauya ɓarin da yake fuskanta, zai daidaita.

TAMBAYA: Anti mahaifiyarmu ta haura saba'in, mun saya mata katifar soso mai tsada ta ƙi hawa, ta ce ita a bar ta da ta riminta da ta saba. Ya za mu yi da ita?
Daga Maraɗi

AMSA: Ku ƙyale Inna da abarta. Audugar rimi ba ta riƙe zafi irin na soso, ba ta da nauyi, ba ta kuma shan ruwa da wuri, shi ya sa a da har rigar ceton masu faɗawa ruwa ake cusawa da ita. Aibinta dai tana dunƙulewa ta yi tudu da kwari, toh sai ku riƙa fitar mata da ita rana ana bugawa da sanda, in ta kwanta sosai a kai wa masu yi su farke su ƙara sabon rimi su sake riga. Ku lura da abu biyu: ita ma wuta take jira, kar a kai mata kaskon jin ɗumi kusa da hunturu, sannan in tana da asma ko yawan tari ƙurar tsohon rimi tana tayar da shi. In tashi daga ƙasa yana ba ta wuya ku ɗora ta rimin a kan ta soson, ta samu tsayi, ita kuma tana kan abin da ta saba.

TAMBAYA: Filo nawa ya kamata mutum ya sa? Ni sai na haɗa uku nake iya barci amma ina tashi da ciwon wuya. Sannan katifar gwanjo fa, a saya?
Daga wani ɗalibi, Katsina

AMSA: Ƙanina uku sun yi yawa, su ne suke karya maka wuya. Ɗaya ake so wanda zai cike tsakanin kunnenka da ƙarshen kafaɗarka in kana kwance a gefe, kai bai ɗaga sama ba bai rataya ƙasa ba, mai kwanciya rigingine kuma wanda bai kai wannan tudu ba. Ka ninka filonka biyu ka saki, in ya tsaya a ninke bai buɗe ba abin da aka cusa a cikinsa ya mutu, ka sake wani. Amma in dalilin haɗa ukun shi ne numfashinka yana toshewa in ka kwanta shafe, ko ƙwarnafi yana taso maka, wannan ka gaya wa likita.

Gwanjo kuwa a'a. Ba ka san wa ya kwana a kai ba, ba ka san me ke cikinta ba, ka dai ga abin da Maman yara ta Zariya take fama da shi a sama. Da kuɗin ka sayi sabuwa 'yar ƙarama shida da biyu da rabi ko shida da uku mai densiti mai kyau, ka riƙa juya ta duk wata uku, kai ya koma ƙafa, sama ya koma ƙasa, in a ƙasa kake shimfiɗawa ka sa tabarma a ƙarƙashi kuma ka riƙa jingine ta da safe siminti ya bushe.